Tsaron lafiyar magina: aikin da ake yi tun kafin a haƙa tushe

Tsaron lafiyar magini tun daga zane yana nufin a zauna a gano abin da zai iya kashe ma'aikaci ko ya naƙasa shi, a cire shi daga tsarin ginin tun ba a kwaɓa ƙasa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa wannan cikin yarjejeniyarta mai lamba 167 ta shekarar 1988, inda ta ɗora nauyi har a kan masu zana gini. A 1992 ƙasashen Turai suka yi doka a kai, suna cewa fiye da rabin haɗurran wuraren gini a can suna da nasaba da mummunan tsari ko rashin shiri tun farko.

To, a nan Karofan da sauran garuruwan Buza, Madawa da Kaita, wa ke zana gini? Galibi maigida ne da magininsa, su ja layi a ƙasa da sanda. Sau da yawa kuma mai kuɗin yana Abijan, Legas ko Libiya, ya turo hoton gida ta WhatsApp ya ce a yi mashi irinsa. Ko ya sani ko bai sani ba, shi ne mai zanen, kuma ran ƴan aiki na cikin abin da ya yanke.

A fara da rufi, don nan ne nauyi yake. Rufin kankare mai kaurin santimita 10 ya kai kilo 240 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 a kan 4 yana ɗauke da kusan tan 4 ke nan bisa kan masu aiki. Kankare ba ya cika ƙarfinsa sai bayan kwana 28, shi ya sa ake barin sandunan tokare wajen mako uku. Idan ba a sa kuɗin hayarsu na waɗannan kwanaki cikin lissafi ba, ko an ƙayyade ranar tarewa saboda biki, magini zai cire su da wuri, kuma yaron da aka tura ya cire su shi ke ƙarƙashi. Haka ma maganar bene. Wanda ke da niyyar ƙara hawa nan gaba ya faɗa tun yau, a yi tushe da ginshiƙai daidai da nauyin. Ƴan uwanmu da ke Legas ba su manta da dogon benen Ikoyi ba, wanda ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021 ana cikin aikinsa, mutum fiye da 40 suka rasu, akasarinsu ma'aikata.

Ginin ƙasa ma yana da ƙa'idarsa, kuma magabata sun san ta. Azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2 ba tare da madogara ba. Wannan ne ya sa suke yin baka da ginshiƙi. Masallacin Yama na jiharmu ta Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 har ya samu kyautar Aga Khan a 1986, shaida ne cewa ƙasa na ɗaukar babban gini idan an yi lissafi. Matsalar yau ita ce ana son faɗin ɗakin birni da itacen ƙauye. Sandunan bedi da ake sarowa daga layukan kare iska na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975, suna da amfani ƙwarai, amma a duba kaurinsu da ɓarnar gara kafin mutum ya hau yana zuba ƙasa.

Sai rami. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ta kai tan ɗaya da rabi. Ramin masai ko na tushe da ya wuce ƙirjin mutum yana buƙatar a kwantar da bakinsa ko a tokare shi, kuma kada a tara ƙasar da aka fitar dab da baki. Wurin ramin ma a zane ake zaɓensa: nesa da tsohuwar katanga, nesa da hanyar ruwa. Aikin haƙa da ɗora rufi a shirya su da rani. Kuɗi kan iso lokacin da suka iso, gaskiya ne, amma katangar da ta sha ruwan Agusta ba wurin jingina tsani ba ce.

Inda wayar NIJELEK ta ratsa kusa da fili, a matsar da ginin tun a layin farko, don ƙarfen gini mai tsawon mita 12 ba ya buƙatar a kai kusa sosai kafin ya taɓa ta.

Abin da aka fi mantawa a lissafi shi ne wurin tsayuwar magini. Ana rubuta siminti, yashi, kwano da ƙofofi, ba a rubuta katakon hawa ba, sai a ga mutum bisa ganga biyu da ruɓaɓɓen allo. Mai turo kuɗi daga waje ya nemi a karanta mashi lissafin a waya, ya tambayi layin katakon hawa, tsani da igiya, da kwanakin da sandunan tokare za su yi. Idan ginin jama'a ne, kamar aji, ɗakin shan magani ko masallacin Juma'a, kwamitin gari ya kai zanen ma'aikatar magajin gari, a nemi ma'aikacin gine-gine na gundumar ya duba shi kafin a tara gayya.