Hasashen Kakar Wasan Zari-Ruga na Amurka

Kafin a buɗe kakar gasar NFL a watan Satumba, jaridu da gidajen talabijin na Amurka kan fitar da hasashen yadda za ta kaya tsakanin ƙungiyoyi 32, da wadda za ta ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairu. Abin da masu sharhi suka fi dubawa shi ne kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari.

Sai dai tsarin gasar kansa kan watsa musu ƙasa a ido. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, an ƙayyade albashi tun 1994, kuma wasa 17 kacal kowace ke bugawa.

St. Louis Rams ta ci wasa 4 cikin 16 a 1998. Da kwatabak ɗinta Trent Green ya ji rauni a gwiwa a wasan share fage na 1999, sai aka fid da rai da ita. Kurt Warner, wanda ya taɓa aikin jera kaya a kanti, ya maye gurbinsa. Suka ci wasa 13, sannan suka doke Tennessee Titans da 23 da 16 a Super Bowl, a Janairun 2000.