Ruwan Jazira da abin da ya biyo shi

A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a Sudan, suka ja ruwan Nilu zuwa ƙasar Jazira domin a noma wa masaƙunsu auduga. Kakanninmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna Mai Wurno, da mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya, suna cikin waɗanda suka tsinci audugar nan. Akasarinsu 'yan ƙwadago ne, gonar ta wasu ce.

Ruwan ya kawo abinci da kuɗi, babu musu. Sai dai magudanan sun zama gidan sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma a cikinsu yara ke wanka. Da aka faɗaɗa noman alkama da hunturu, magudanan suka daina bushewa, zazzaɓin da aka sani da damina ya koma na duk shekara. Yawan feshin auduga kuma ya sa sauro ya daina jin maganin DDT. Sai a 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa shiri na musamman don yaƙar cututtukan nan. A lokacin kuwa, burodin alkama ya fara ture kisirar dawa a birane.