Riruwai, Falgore da Tiga: tarihin da ke bayan dutsen da ake rawa a kai

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Jarumi da jaruma su na hira a falo, kafin ka ƙifta ido sai ga su a kan dutse, ruwa shimfiɗe a bayan su, an sake kaya, kiɗa ya tashi. Tun zamanin da Sangaya ya yi tashe, Tiga da duwatsun hanyar Jos su na cikin lokeshin ɗin da 'yan fim su ka fi so. To amma mai karatu, ka taɓa tambayar su wa su ka riga jarumin taka waɗannan duwatsu? Idan ka bi ruwan Tiga ka yi kudu, ka ratsa dajin Falgore, za ka ɓulla wani gari mai suna Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Jihar Kano. Garin kuza ne tun kafin zuwan Bature, kuma labarin sa ya fi ƙarfin waƙar minti biyar.

Masana ƙasa sun ce duwatsun Riruwai gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu shekaru miliyoyi da su ka wuce. Shi ya sa su ka yi wa wurin zobe. A jikin su akwai kuza da tutiya. Ruwan sama kan zaizaye dutsen, ya gangaro da baƙin yashin kuza cikin rafuka. Mutanen wurin sai su ɗebo yashin, su wanke shi a ƙorai har mai nauyin ya kwanta, su zuba a rahoniyar yumɓu da gawayi, a yi ta zuga. In ƙarfen ya narke sai a zuba shi cikin 'yan ramukan da aka fitar da tsinken ciyawa, ya fito siri-siri kamar tsinke. A haka fatake ke saye dami-dami, su kai Kano, wasu su gangara da shi har bakin Binuwai. Maƙeran fari na yin ado da shi, su na kuma shafe kayan tagulla.

Abin da ya fara girgiza wannan sana'a yaƙi ne. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa a ƙasar Kano ya shige duwatsun Ningi, kuma magadan sa su ka shafe shekaru su na kai hari kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Cikin wannan rashin kwanciyar hankali ne masu narkar da kuza su ka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, su ka kafa wani garin da aka riƙa kira Riruwan Dalma, don a bambanta shi da Riruwan Kano.

Waɗancan tsinkayen ƙarfe su ne su ka jawo Bature. Ma'aikatan kamfanin Neja sun gan su a hannun 'yan kasuwa a Binuwai, su ka shiga neman inda su ke fitowa. A 1902 kamfanin ya turo George Nicolaus bincike, a 1903 kuma H. W. Laws ya hau tudun Jos da rakiyar soja. Dama tun 1900, da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin, an yi yarjejeniyar zai riƙa karɓar rabin kuɗin harajin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Doka ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, aka yanka filaye aka ba kamfanonin Turawa. Mutanen da su ka gaji kuza kaka da kakanni sai su ka wayi gari ba su da izinin ɗibar yashin rafin su. Cikin 'yan shekaru wutar rahoniyoyin ta mutu, masu sana'a su ka koma lebura, su na ɗaukar ƙasa a kwano. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos, ana kwasar kuzar ɗanya zuwa Ingila. An rufe layin a 1957.

Lokaci mafi tsanani shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzar ta, sai ido ya dawo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da talakawa su ka sa wa suna “ɗiban gwamna”: a ɗora wa hakimi adadi, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya kamo manoma a tura su barikin kuza na wasu watanni, ko su na so ko ba su so. Dubun dubatan mutane aka kwasa daga lardunan Arewa. Mutumin da ya saba da zafin ƙasar Hausa aka kai shi sanyin tudun Jos ba bargo, ba wadataccen abinci. Da yawa sun gudu, da yawa kuma can aka binne su. A 1943 an haƙo sama da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya.

Riruwai ta sake ɗagowa a shekarun 1970, bayan an kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972. A wannan karon rami aka haƙa cikin dutsen kan sa, don a bi wata jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kusan kilomita 5. Aka kawo injina, aka gina gidajen ma'aikata. Sai dai aikin bai yi nisa ba ya tsaya a shekarun 1980, sannan a Oktoba 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe baki ɗaya. Kamfani ya tafi, ya bar ramuka da kududdufai da ƙarafa su na tsatsa. Mutanen gari dai ba su daina haƙa da diga da shebur ba, don ciki ba ya jiran farashin Landan.

A daidai shekarun da kuza ke hawa da sauka, maƙwabtan Riruwai biyu su ma su na samun nasu tarihin. Dajin da mu ke kira Falgore an keɓe shi ne a ƙarshen shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗin sa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma titin Kano zuwa Jos ta tsakiyar sa ya ratsa. Dajin doka ne da ɗorawa da kaɗanya, ga gwaggon biri a bakin hanya. Kogin Kano ya bi ta cikin sa ya zuba a Tiga, madatsar da gwamnatin Audu Baƙo ta gina daga 1971 zuwa 1974, wadda ruwan ta ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura. Kenan tumatirin da ke cikin miyar Bakano, ruwan da ya shayar da shi ta gindin waɗannan duwatsu da wannan daji ya biyo.

A wasu ƙasashe irin wannan wuri ba a barin sa haka. Yankin Kwanwal na Ingila shi ma ƙasar kuza ce. Ramin su na ƙarshe, South Crofty, ya tsaya a 1998, amma a 2006 UNESCO ta sa tsofaffin wuraren haƙar cikin kayan tarihin duniya, mutane na tattaki a hanyoyin ƙafa tsakanin tsofaffin ɗakunan injin. A Sukotlan kuma, wurin da tsibin tokar kwal ya rufe a gefen tafkin Loch Ore, an gyara shi an dasa itatuwa, aka bar hasumiyar tsohon ramin a tsaye don yara su tambaya.

Mu namu hanyoyin ƙafar ma a shirye su ke: turbar fatake, burtalin Fulani, hanyar lebura daga bariki zuwa rami. Abin da ya hana a bi su tsoro ne. Wajen 2015 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun yi sansani a Falgore, har a 2017 soja su ka mayar da wani sashe na dajin filin atisaye. Mu nan Ƙofar Guga ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga yadda dajin Rugu ya tashi daga makiyaya ya koma wurin da ake ambata da salati. Dajin da mutanen kirki su ka daina shiga, wasu ne ke gaje shi.

A nan ne na ke ganin 'yan fim da marubuta na da aiki. Da wuya ka ga fim ɗin da ya taɓo ɗiban gwamna, alhali ga labari kwance: ango da aka kama sati guda da ɗaurin aure, dagacin da aka ce ya cika adadi ko ya rasa rawani, maƙerin da ya ga an kashe masa rahoniya. Soyayyar da furodusa ke nema ta na ciki, ba sai an aro daga Indiya ba. Waɗanda su ka yi ɗiban gwamna kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yan su na nan, haka ma dattawan da su ka shiga ramin Riruwai a shekarun 1970. Duk daraktan da zai ɗauki kyamara ya tafi Tiga ɗaukar waƙa, don Allah ya ƙara mai a mota ya ƙarasa Riruwai, ya nemi izinin masu gari, ya zauna da dattawan nan ya naɗi muryar su tun su na iya ba da labari.