'Yancin Faɗin Albarkacin Baki a Kwarin Kogin Haɗejiya

Wannan 'yanci yana cikin sashe na 19 na Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi ranar 10 ga Disamba, 1948. An sake tabbatar da shi a yarjejeniyar duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da siyasa, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, da kuma sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999.

Abin da aka fi mantawa shi ne, bayan magana, ya ƙunshi neman bayani da samunsa. A wurinmu wannan babban al'amari ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noman fadama da su da kiwo a Auyo, Haɗejiya, Kiri Kasamma da Guri sun dogara ga yadda ake sako ruwa. Manomin da ya tambayi ranar sakin ruwa, ko ya koka da kachalar da ta toshe hanyar ruwa, haƙƙinsa ya nema. Idan ya rubuta takarda, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Amma akwai iyaka. Ana iya taƙaita magana da rubutacciyar doka, idan ya zama dole, domin kare mutuncin wasu, tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko tarbiyya. Muna tunatar da jami'ai da dagatai cewa ɓacin ran shugaba ba ya cikin waɗannan dalilai.