Dogo Ya Ratsa Challawa, Amma Bai Ɗauki Lebura Ba



Wanda ya taɓa bin titin Panshekara da sassafe ya san yadda ma'aikatan Challawa suke tafiya aiki: wasu a keke, wasu a cushe cikin Adaidaita Sahu, wasu a ƙafa da ƙullin abinci a hannu. Ba nisa da su ga layin dogo nan kwance, ciyawa ta kusa rufe shi. Layin ya fito daga tsakiyar Kano, ya bi ta gefen Sharaɗa, ya ratsa Challawa, ya haye kogi ya nufi Zariya. Wato hanyar da dubban mutane suke wahalar bi kullum, ƙarfe ya riga ya bi ta fiye da shekara ɗari. To me ya hana jirgi ya ɗauke su? Me kuma ya hana a gina musu gidaje a bakin tasha? Amsar tana cikin dalilin da ya kawo jirgin tun farko.

Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka fara jigila sosai a 1912. Turawa sun shimfiɗa shi da tunanin auduga, don masaƙun Ingila su samu abin sarrafawa. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin ɗan lokaci gyaɗa ta cika tasha har taragu suka kasa kwashewa. Daga nan ne aka samu dalar gyaɗa, daga nan ne kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Abin lura shi ne, babban fasinjan wannan jirgi buhu ne. Mutum yana hawa, amma ba don shi aka yi hanyar ba.

Duk da haka tasha ta haifi unguwanni. Ba a shigar da ita cikin ganuwa ba, a waje aka ajiye ta ta gabas, sai kowa ya samu wurinsa gwargwadon matsayinsa a idon mai mulki. Kamfanonin Turawa irin su John Holt suka jera kantuna da sito kusa da layi. Kwara, wato 'yan Siriya da Labanan, suka zauna a inda muke kira Kantin Kwari yau. Fagge, tsohon zangon fatake, ta cika da 'yan dako da dillalai da masu neman kuɗin ci-rani. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Su kuwa Turawa suka koma Nasarawa da Bompai, suka bar fili fetal tsakaninsu da baƙar fata, wai saboda sauro. Kusan haka aka yi a Zariya, inda Sabon Gari ya tashi a gindin tasha, birni yana can nesa. Don haka in muka ce jirgi ya gina gari, gaskiya ne, sai dai ya gina shi a rarrabe.

A daidai wannan lokaci, wani abu daban yana faruwa a ƙasar Japan. A 1910 wani ɗan kasuwa mai suna Kobayashi Ichizo ya buɗe layin jirgi daga birnin Osaka zuwa ƙauyukan da ke bayansa. Ya san babu isassun fasinjoji, sai ya sayi gonaki kusa da tashar Ikeda, ya gina gidaje, ya sayar wa masu albashi suna biya wata-wata. Duk wanda ya sayi gida ya zama fasinja safe da yamma. Kamfanin shi ne Hankyu, yana nan har gobe. A Landan ma kamfanin jirgin Metropolitan ya yi irin haka a garuruwan da ke arewa maso yammacin birnin. Shekara ɗaya tal ke tsakanin layin Osaka da na Kano. Bambancin yana wurin niyya: can an tambayi inda mutum zai kwana, nan an tambayi inda buhu zai kwana.

Da zamanin masana'antu ya zo, an samu damar gyara wannan. Bompai ce ta fara, da injinan matse gyaɗa da masaƙu, tun kafin samun 'yancin kai. A farkon shekarun 1960 aka ɗauko masanin tsara birane B.A.W. Trevallion ya zana wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo yana gwamna, sai masana'antu suka faɗaɗa zuwa kudu maso yamma, Sharaɗa ta buɗe, daga baya Challawa ta biyo. Zaɓen wurin ba na banza ba ne. Akwai dogo, akwai fili, akwai kuma kogi, wanda tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga gare shi ake tura wa birni ruwan famfo. Kamfanonin jima da masaƙu da na robobi da na lemo suka kafu.

An yanka wa inji fuloti, an ja masa wuta, an yi masa titi. Lebura kuwa aka bar shi ya nemo wa kansa makwanci. Shi ma bai zauna jira ba. Masu gonaki a Panshekara da Ja'en da Sheka da Zawaciki suka riƙa yanka filayensu da igiya suna sayarwa, abin da muke kira awon igiya, kamar yadda Dakata da Kawaji da Tudun Murtala suka cika da ma'aikatan Bompai. Aka gina gidajen haya ɗaki-ɗaki, lungu ya matse, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Wanda ya fi kowa kusa da aiki shi ya fi kowa shaƙar warin jima, domin dattin kamfanoni ta bayan gidansa yake bi ya gangara kogi.

Shi kuma jirgin, a daidai lokacin da ake buƙatarsa ne ya fara ja da baya. Man fetur ya ture gyaɗa, kwalta da tirela suka ƙwace kaya, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955 ta shiga bashi da rashin kayan gyara. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki da shigowar atamfa mai araha daga waje suka rufe masaƙu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da ya rage ya koma hawan acaɓa, ita ma aka hana ɗaukar fasinja da ita a cikin Kano a 2013. An sha yin alkawarin jirgin cikin gari, har yau ba mu hau ba. Rukunin gidajen da gwamnati ta gina a bayan gari, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, a bakin kwalta suke, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ɗaukar albashin kamfani.

Me ya sa muke tono wannan yanzu? Saboda dogo yana dawowa, kuma ta wannan yanki zai shigo. A 2021 aka aza harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano, a shekarar kuma aka aza na Kano zuwa Maraɗi. A farkon 2023 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki. Mun ga abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna bayan jirgin Abuja ya fara aiki a 2016: unguwar da masu hali ba sa waiwaya ta zama wurin da dillalan filaye suke rububi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, in an karɓi gona don amfanin jama'a kuwa, diyyar ta shuka ce da gini, ba ta darajar da filin zai yi gobe ba. Manomi zai karɓi kuɗin dawarsa da bishiyar mangwaronsa, wani ya sayar da fulotin bakin tasha da ninkin-ba-ninkin. In ba a ware wa masu ƙaramin ƙarfi wuri tun yanzu ba, in kuma ba a sa jirgin safe da na yamma tsakanin Challawa da cikin gari ba, to za a sake yi wa kwantena hanya kamar yadda aka yi wa buhu.

A nan ne aikinmu yake. Labaranmu sun cika da falon Alhaji da gidajen Nasarawa, alhali ga tsohon direban jirgi yana zaune a ƙofar gida babu mai tambayarsa, ga matar da ta yi shekara ashirin tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar masaƙa har aka rufe ta, ga mai unguwar da ya san iyakar kowace gona kafin igiya ta bi ta kanta. Mu je mu same su tun suna raye. Mu tambayi nawa ake biyan haya, ƙarfe nawa ake fita, wa ya sayar da gona, wa ya saya, ina 'ya'yan mai gonar suke zaune yau. Tarihin 1911 mafi yawansa daga takardun Turawa muke karanta shi, shi ya sa lissafin tan-tan na gyaɗa ya fi sunayen waɗanda suka ɗauke ta a ka yawa a cikinsa. Na wannan karon a gabanmu yake faruwa, kuma alƙalami yana hannunmu.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.