Eto-limar: tsohon injin feƙe ƙarfe da amfaninsa a kwarin Komadugu

A bakin kogin Komadugu Yobe, daga Gagamari cikin gundumar Shetimari har birnin Diffa, noman tattasai da shinkafa ya dogara ga injuna: na ban ruwa, na niƙa, na casar shinkafa. Wani sa'in abin da ke tsayar da irin wannan inji bai wuce gurbin da ya lashe a cikin puli ba. Sabon kayan gyara yakan fito ne daga Damagaram, Kano ko Maiduguri, kuma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa cikin watan Fabrairun 2015 zirga-zirga ta ƙara wuya. Fadamar tattasai kuwa ba ta jiran mako biyu babu ruwa. Daga cikin na'urorin da ke iya wannan gyara a ƙaramin shago ko a zauren gida akwai wadda ake kira eto-limar da Faransanci.

Asalinsa

Sunan ya haɗa kalmomi biyu: eto, abin da ke matse ƙarfe, da kuma aikin magagari. Aikin da maƙeri zai wuni yana yi da magagari, shi injin ke yi daidai wa daida. Galibi ana danganta ƙirƙirarsa ga James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotilan da ya yi aiki kusa da Mancesta a Ingila, a shekarar 1836. Masana'antu sun yi amfani da shi fiye da shekara ɗari, kafin injunan da wuƙarsu ke juyawa su ture shi saboda sun fi shi sauri. Abin da ya sa ke nan yawancin waɗanda ke hannun mutane yau tsofaffi ne. Ana auna girmansa da tsawon tafiyar wuƙarsa. Ƙananan da kamfanonin Atlas da South Bend na Amurka suka ƙera inci 7 ne, kusan santimita 18, kuma a kan tebur ake ɗora su.

Yadda yake aiki

A saman injin akwai wani dogon ƙarfe mai nauyi da ke zamewa gaba da baya, da wuƙa guda a bakinsa. Wuƙar tana ci ne in za ta gaba kawai. In za ta dawo, mazauninta yana ɗagawa kaɗan don kada ta ƙarce abin da ta gyara, kuma dawowar ta fi tafiyar sauri. Bayan kowace dawowa, wani ƙugiya yana tura haƙorin giya, teburin da aikin ke kai ya gusa gefe kaɗan. Da haka, layi bayan layi, fuskar ƙarfen ke shafewa sumul.

Da shi ake daidaita fuskar da ta karkace, a yanka gurbin klabet, wato ɗan guntun ƙarfen da ke kulle puli da sandar inji. Yana iya yanka gurbin ma a cikin ramin puli, in an ɗaura wuƙar a bakin sanda an zura, an kuma kulle mazauninta. Babban sauƙinsa shi ne wuƙar: guntun ƙarfe ne mai tauri da mai aiki ke wasawa da kansa a kan dutsen wasi, ya ba shi siffar da yake so.

Ƙa'idodin amfani

Kafin a kunna, a juya puli da hannu zagaye ɗaya cikakke, a tabbata wuƙar ba za ta daki eto ko jikin injin ba. A saita tsawon tafiyar ya ɗara tsawon aikin kaɗan, kamar santimita ɗaya a baya da rabin haka a gaba. Gwargwadon tsawon tafiya, gwargwadon rage sauri, domin gudu yana ƙona bakin wuƙa. A matse aikin sosai. Ƙarfen da ya kuɓuce daga eto yana iya karya wuƙa ko ya ji wa mutum ciwo.

Ɓarɓashi yana fita da zafi ta gaba, saboda haka mai aiki ya tsaya a gefe, ya sa tabarau. Ba a share ɓarɓashi da hannu, ba a kusantar bel da babbar riga ko rawani mai lilo. A gida kuwa, a hana yara shiga muddin injin na tafiya, a bar fili a bayansa, don ƙarfen saman yana fitowa ta can ma.

Gyara da sabuntawa

Mai saye ya fara duba hanyoyin da ƙarfen saman ke zamewa a kai. In sun lashe sosai ko jikin ya tsage, gyaran yana da wuya. In girgiza ce kaɗan, akwai siririn ƙarfe a gefen hanyar da ake ƙara matsewa da ƙananan notuna har rawar ta tafi.

Sai moter. Na Amurka da yawa an yi su don wuta mai bolt 110 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar NIGELEC bolt 220 ce da bugu 50. Moter da aka rubuta masa juyi 1,725 a minti zai sauka zuwa kusan 1,440. Mafi sauƙi a sa sabo na 220, rabin doki ya ishi ƙaramin inji. Wannan ƙarancin cin wuta ne ke sa ƙaramin janareta ya iya ɗaukarsa in an ɗauke wuta.

Sauran abubuwan da ake ƙarawa su ne murfin bel, makunni kusa da hannu, fitila, garkuwar kwano da ke tare ɓarɓashi, da ma'auni mai nuna lamba don sanin nisan da tebur ya gusa. Teburin da aka ɗora injin a kai ya zama mai nauyi, a ɗaure shi da notuna, in ba haka ba zai yi ta ja da kansa.

Ƙura da mai

A Diffa babban abokin gabar wannan inji shi ne rairayi da ƙurar hunturu. In ƙura ta haɗu da mai a kan hanyar zamiya, sai ta koma kamar garin dutsen wasi, ta ci ƙarfen a hankali. Kafin kowane aiki a goge hanyoyin da tsumma, a zuba mai mai tsabta a kowane ramin mai. Baƙin man da aka juye daga mota bai dace ba, don yana ɗauke da garin ƙarfe. Giris ma yana riƙe ɓarɓashi. In an tashi aiki, a share injin, a shafa masa mai, a lulluɓe shi da buhu ko tamfol har zuwa gobe.