Kufan Alkalawa da Kufan Tintern

Jiya wani ɗalibina a nan Jangeru ya nuna mini hoton wani zane a wayarsa. Kufai ne na dutse, rufi ya zube, ciyayi sun hau bakunan tagogi, haske na ratsowa ta sama. Sunan wurin Tintern, a yankin Wales na Birtaniya. Gidan 'yan zuhudun Kirista ne da aka kafa a 1131, Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1536. Mai zanen, Turner, ya yi shi da fentin ruwa wajen 1794, zamanin da masu hali a Ingila ke hawa kwalekwale a kogin Wye don kawai su je kallon kango. Har wani limaminsu, William Gilpin, ya ba da shawarar a ɗan sa wa ginin guduma don ya ƙara kyau a ido. Ikon Allah!

Ni kuwa hankalina Alkalawa ya tafi, can yankin Sabon Birni.

Lokacin da Turner ke jiƙa burushinsa, Alkalawa na kan ganiyarta. Sarkin Gobir Babari ne ya kafa ta a ƙasar Zamfarawa, ana cewa a gonar alƙalinsu, sunan ke nan. Baƙon da aka ba masauki shi ya juyo ya ci Birnin Zamfara, ya mayar da shi kufai. Daga Alkalawa Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da har yau ake ambato. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Cikin jagororin yaƙin akwai Namoda na Alibawan Zurmi, wanda Ƙauran Namoda ke ɗauke da sunansa.

To, ina namu zanen? Ginin Tintern dutse ne, ya tsaya ya jira mai fenti. Namu tubali ne da jar ƙasa, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Kuma a wurinmu kufai ba wurin shaƙatawa ba ne. Yaro ma ana hana shi ratsa shi da tsakar rana ko da almuru, wai kada ya yi gamo. Abin da ya saura a Alkalawa shi ne tudun ganuwa, kaburburan sarakuna, da tsingaron da garma ke tonowa.

Na tambayi ɗalibin ko ya taɓa zuwa Alkalawa. Ya ce a littafi kawai ya san ta, kuma da yadda hanya ta zama yanzu, mahaifiyarsa ko garin Isa ba ta barinsa zuwa.